MUMBAI: MAI DARAJA A GABAN TALABIJIN, MARAR DARAJA A JIRGI

Ma'aikacin da ke zaune a Virar, a arewacin birnin Mumbai na ƙasar Indiya, yakan bar gida tun da asuba domin ya isa ofis a Churchgate, tafiyar kimanin kilomita 60 a jirgin ƙasa. Samun wurin zama sai mai babban rabo. Sau da yawa ma wurin tsayawa kan gagara, sai mutum ya maƙale a bakin ƙofa, rabin jikinsa a waje, jirgi na ta sheƙa gudu.

Harkar jirgin ƙasa tsohuwa ce a wannan birni, domin a nan ne jirgin fasinja na farko a Indiya ya tashi a 1853, daga Bori Bunder zuwa Thane. Yanzu jiragen birnin na ɗaukar mutum fiye da miliyan 6 kowace rana, kuma mutum fiye da 2,000 ke rasa rayukansu a kan hanyar kowace shekara, waɗansu wajen tsallake layin dogo, waɗansu ta hanyar faɗowa daga jirgi. A watan Satumba na 2017 mutum 23 suka mutu a turmutsutsu a kan gadar tashar Elphinstone Road, yayin da jama'a ke fakewa daga ruwan sama.

Kusa da tashar Churchgate kuwa akwai filin wasa na Wankhede, gidan ƙungiyar kurket ta Mumbai Indians. Kurket wasa ne na ƙwallo da sanda wanda Turawan Ingila suka bar wa Indiya, har ya zama abin da jama'ar ƙasar suka fi ƙauna. A 2008 aka fara gasar IPL, wadda akan yi cikin wata biyu kacal a shekara, kuma ana yin gwanjon 'yan wasanta a bainar jama'a. A gwanjon Nuwamba 2024 da aka yi a Jidda, ƙungiyar Lucknow ta sayi Rishabh Pant a kan rufi miliyan 270 domin kaka guda. Tun a 2022 aka sayar da ikon nuna gasar na shekara biyar a kan dala biliyan 6 da ɗoriya.

Gaskiya ne ba daga baitulmali waɗannan kuɗi suka fito ba, saboda haka ba za a ce an hana jirgi an ba kurket ba. To, amma daga ina suka fito? Kamfanonin talabijin da na intanet suna biya ne domin masu talla za su biya su, masu talla kuwa idon ɗan kallo suke saye. Ɗan kallon nan shi ne ma'aikacin Virar, wanda ke kallon wasa a wayarsa da yamma, ɗaya hannun na riƙe da ƙarfen ƙofa. Watau idan ya zama mai kallo ana rige-rigen samunsa, idan ya zama fasinja kuwa sai ya zama kaya.

Ba a ce hukuma ta zauna ba, domin an kawo jirage masu na'urar sanyaya iska a 2017, ana kuma ta gina sababbin layukan jirgi a birnin. Sai dai kuɗin shiga jirgin mai sanyi ya fi ƙarfin talaka, aikin gini kuma na tafiyar hawainiya. Birnin da ya iya cika filin wasa cikin tsari, kowa da kujerarsa, ba zai rasa dabarar mayar da ma'aikacinsa gida lafiya ba.