Farantin Sola Ba Ya Korar Hadari

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp tsakanin manoman rani na Wurno, Raba da Goronyo, inda mai maganar ya yi rantsuwa cewa ƙarafunan sabis ne suka ƙara zafi, farantan sola kuma suna janyo rana su kore hadari. Batun ƙarfen sabis bai cancanci dogon bayani ba: a 2001 wayar salula ta fara bazuwa a Najeriya, farin 1973 da na 1984 kuwa sun riga ta da nisa. Zancen sola shi ne mai illa, domin yana tsorata mai albasa da mai tafarnuwa daga famfon sola, abin da zai raba su da sayen fetur, alhali tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 injin ban-ruwa ke cinye ribar fadama.

Ruwan daminarmu iska ce ke ɗauko danshinsa daga Tekun Atalantika, tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuma faranti goma a gefen gona ba su isa su juya ta ba. Gaskiya ne faranti yana ɗaukar zafi da rana, amma haka rufin kwano ma yake. Wanda ya ga ambaliyar 2010 ta cinye gidaje da gonaki a bakin Gulbin Rima, ya kuma ga ruwan madatsar Goronyo ya ja baya sosai a 2018, ba laifinsa ba ne idan ya nemi dalili. Laifin yana wuyan wanda ya ƙagi magana ya haɗa ta da rantsuwa.

Abin da bincike ya tabbatar yana ɗumama duniya shi ne iskar kabon da ƙona fetur, gas da kwal ke fitarwa. Lita ɗaya ta fetur tana sakin kusan kilo 2.3 na wannan iska. Wani zai ce ai sola ma hayaƙi ya haife ta, tunda fiye da kashi 80 cikin 100 a Chaina ake ƙera ta, galibi da lantarkin kwal. Haka ne. Sai dai cikin 'yan shekaru faranti ke biyan wannan bashi, ya ci gaba da aiki har shekara 25. Kason Najeriya a hayaƙin duniya bai kai kashi 1 cikin 100 ba, don haka ba manomin fadama ne ya ɓata yanayi ba. Inda ya kamata ya yi hattara shi ne ruwan ƙasa: famfon da ba ya cin mai ana iya barinsa a kunne yini guda, rijiyoyin maƙwabta su yi ƙasa.