Mai Gida da Ɗan Haya a Zongon Kwatano: Wa Doka Ta Fi Karewa?

A Zongon Kwatano, unguwar da ta daɗe tana saukar da fatake daga Kano, Sakkwato, Maraɗi da Yamai, an ɗauka cewa mai gida shi ne mai wuƙa da nama, ɗan haya kuwa alfarma yake ci. A gaban dokar Jamhuriyar Benin, sau da yawa lissafin ba haka yake ba. Ɗan kasuwar da ke haya a shago yana da kariyar da bai san da ita ba, wanda ya gaji gida da tsofaffin takardu kuma mallakarsa ba ta kai ƙarfin da yake zato ba.

Mu fara da mai gida. Gidaje masu yawa a tsofaffin unguwannin Kwatano an gina su ne bisa takardar izinin zama, wadda ake kira permis d'habiter, ƙarƙashin wata doka ta 1960. Wannan takarda izini ce kawai: ginin naka ne, ƙasar ta gwamnati ce. Wasu kuma abin da ke hannunsu bai wuce yarjejeniyar ciniki mai hatimin magajin gari ba. Kundin dokar filaye na 14 ga Agusta 2013, wanda aka yi wa gyara a 2017, ya ɗauki irin waɗannan takardu a matsayin alamar cewa mai yiwuwa filin naka ne. Cikakkiyar mallaka tana ga takarda ɗaya, titre foncier, wadda hukumar filaye ta ƙasa, ANDF, ke bayarwa bayan an auna fili, an yi shela, an ba masu ƙorafi dama su fito. Idan ta fita, da wuya a rushe ta, kuma ita ce banki ya fi yarda ya riƙe jingina. Saboda haka attajirin da ke da bene a Zongo ba tare da ita ba, dukiyarsa tana kawo kuɗin haya, amma ba ta iya ciyo masa bashin faɗaɗa kasuwanci, ranar da rigima ta tashi kuma sai ya fara kafa hujja daga tushe. Rigingimun fili sun yi yawan da a 2022 sai da aka kafa musu kotu ta musamman, wadda Kwatano ke cikin huruminta.

Gado ya fi komai dagula lamarin. Iyalan Zongo sukan raba gado a gaban malami bisa shari'ar Musulunci, kuma muddin kowa ya yarda, babu mai shiga tsakani. To amma dokar iyali ta 2004 ba ta bambanta kason ɗa da na 'ya ba, kuma ita alƙali zai bi idan magaji ɗaya ya kai ƙara. Gidan da ba a raba shi a rubuce ba mallakar magada ne baki ɗaya. Wanda ya saye shi daga hannun babban wa shi kaɗai, ko da shi ke karɓar haya shekara da shekaru, ya sayi shari'a. Baƙo kuma yana da nasa shingen: wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya mallakar filin karkara, a birni ma sai in akwai yarjejeniyar ba-ni-in-ba-ka tsakanin ƙasarsa da Benin. Wannan ne ke sa wasu su saya da sunan amini ɗan ƙasa, dabarar da ke tafiya daidai har ranar da aminin ya rasu, 'ya'yansa suka ga sunan mahaifinsu a takarda.

Ɗan hayar shago kuwa yana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da Benin da Nijar ke ciki, Najeriya ba ta ciki, abin da ya sa Bakano ba ya ma tunanin ya tambaya. Dokar, kamar yadda aka sabunta ta a 2010, ta amince da hayar shago ko da ta baka ce. Wanda ya yi shekara biyu yana sana'arsa a wurin bisa sharuɗɗan da aka yi, ya samu haƙƙin a sabunta masa haya. Idan mai gida ya ƙi ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba, sai ya biya diyyar tayar da shi. Hayar da ba a yanka mata wa'adi ba tana buƙatar sanarwar wata shida, kuma sayar da gida ba ya kashe haya. Sabon mai gida ya gaji ɗan hayar ne. Ko wanda ya ƙi biyan kuɗi, sai an ba shi gargaɗin wata guda an je kotu, ba a garƙame masa shago da kwaɗo.

Za a ce Zongo ta rayu shekaru aru-aru a kan amana, da shaidar liman da sarkin Zongo, kuma neman takarda wurin ɗan'uwa alamar zargi ce. Amanar gaskiya ce, kuma har yau tana kashe rigimar da kotu za ta shekara a kanta. Sai dai shaidu suna tsufa su mutu, filin kuma kullum ƙara tsada yake yi, wanda zai yi jayayya gobe ba ya cikin waɗanda suka yi musabaha jiya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma umarni ce da a rubuta bashi, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: awo, kuɗin notar (mai rubuta yarjejeniya a hukumance) da zirga-zirgar ofis suna cin kuɗi, tsarin kuma ya fi sauƙi ga mai hali da mai jin Faransanci. Wannan haka yake, kuma aibi ne da ya kamata a ci gaba da matsa wa hukuma a kansa. Amma kuɗin takarda sau ɗaya ake biya, kuma magada suna iya haɗa shi daga hayar gidan. Kuɗin lauya ba a san ranar ƙarewarsa ba.

Akwai wurin da kariyar duka biyun ke tsayawa, wato bakin titi. A Janairun 2017 hukumomi suka rusa rumfuna da shagunan da suka ci filin gwamnati a Kwatano, kuma daɗewa a wuri ko rasiɗin haraji bai ceci masu su ba, domin filin jama'a ba a sayar da shi, ba a kuma mallakarsa da tsawon zama. Wanda ke karɓar haya a kan rumfar da ya kafa gaban gidansa yana hayar da abin da ba nasa ba ne, wanda ya biya shi kuma ba shi da haƙƙin sabuntawa da zai nuna wa motar rusau.