Ko Kun Sani? Saƙar Kwarashi Sai Da Hannu

Ko kun sani har yau ba a ƙera injin da ke saƙar kwarashi yadda hannu ke yi ba? Rigar sanyi ta kamfani aikin inji ce, amma hular jariri da safa da mata ke saƙawa da zaren ulu a Dakoro, arewa da Maraɗi, idan sanyin Disamba da Janairu ya kama, kowane ƙulli hannu ne ya ɗaura shi. Shi ya sa salon da mai koyo za ta fara da shi ba abin wasa ba ne. A ganina wanda ya fi dacewa shi ne mai kama da saƙar masaƙa: ƙulli ɗaya, sarƙa ɗaya, a tsallake gurbi ɗaya, a layi na gaba kuma a soka kwarashin cikin ramin da sarƙar ta bari. Sabuwar hannu takan matse zare har ta rasa inda za ta soka, a nan kuwa ramin a buɗe yake, ido na ganinsa.

Wasu za su ce salon yana da jinkiri. Gaskiya ne, ba ya tashi da sauri kamar dogon ƙulli. Amma abin da yake bayarwa saƙa ce mai laushi, ba ta da manyan ramukan da iskar hunturu za ta ratsa ta kai ga jikin jariri. Masu kukan cewa yana tsukewa kuwa, su ɗauki kwarashi mai ɗan kauri, sarƙar za ta sake.