WAƘA DA RAWA DA BIDIYO A LITTATTAFAN HIKAYA NA HAUSA

Kamar yadda aka sani, al'ummar Damaga da sauran garuruwan Maradun, Bakura da Talata Mafara ba baƙin waƙa ba ne, domin daga wannan yanki Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru suka fito. Ko tatsuniyar da ake yi wa yara da dare, sau da yawa akan tarar da 'yar waƙa a tsakiyarta. Abin da muke son bayyanawa a nan shi ne yadda wannan daɗaɗɗiyar ɗabi'a ta shiga littattafan zamani ta wata sabuwar ƙofa.

Tun daga shekarun 1980 aka fara buga littattafan soyayya da ake kira Adabin Kasuwar Kano. Da yawa daga marubutan sun tashi suna kallon finafinan Indiya, inda saurayi da budurwa kan bayyana ƙauna cikin waƙa, saboda haka suka riƙa sanya baitoci a bakin masoya ko a wasiƙun da suke aika wa juna. Sai dai takarda ba ta da murya, balle ta taka rawa. Bidiyo ne ya cike wannan giɓi. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna na 1991 fim a 1994, haka kuma aka yi wa littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne. Daga baya fim ya rama ziyara: hotunan 'yan wasa suka hau bangon littattafai.

Rawar maza da mata ce ta fi jawo ce-ce-ku-ce, musamman bayan ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999. Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona wasu littattafai a bainar jama'a. Damuwar iyaye kan tarbiyya gaskiya ce, amma a ganinmu bai dace a yi wa littattafan kuɗin goro ba. Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba, alal misali, auren dole da ilimin 'ya mace ya tattauna, matsalar da ƙauyukanmu suka sani sarai.

A yau labarin ya koma wayar hannu, ana karanta shi da murya a YouTube, wani lokaci da kiɗa a ƙarƙashi, har matar da ba ta yi boko ba tana saurare tana aikin gida. Muna jan hankalin hakimai, malamai da jami'an yaƙi da jahilci na ƙananan hukumomi da su riƙa karanta littafi kafin su yanke masa hukunci, su kuma zaɓi masu ma'ana domin azuzuwan mata, tunda wadda ta ji farkon labari a waya takan so ta karanta ƙarshensa da kanta.