Auna Ma'aunin Ƙawance Tsakanin Haidirojin da Kabon-13 da Na'urar NMR

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wani adadi da masana kimiyyar sinadarai ke nunawa da harafin J. A shekarar 1946, Felix Bloch da Edward Purcell, kowanne da ayarinsa a Amurka, suka tabbatar da cewa cibiyar ƙwayar zarra ta wasu sinadarai takan amsa igiyar rediyo idan aka sanya ta cikin maganaɗisu mai ƙarfi. Wannan amsa ce na'urar NMR ke zanawa layi-layi.

Cibiyar haidirojin da ta kabon-13 kowacce tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu ce. Idan suna ɗaure da juna, sai haidirojin ya ji tasirin kabon ta hanyar ilektiron ɗin da suka haɗa su, layinsa ya rabu biyu. Tazarar da ke tsakanin layukan biyu ita ce J, wadda za a iya kira ma'aunin ƙawance, kuma da haz ake ƙidaya ta. Darajarta ita ce ba ta sauyawa komai ƙarfin maganaɗisun na'ura, domin siffa ce ta ɗaurin kansa. A iskar mitan haz 125 ce, a itilin 156, a asitilin kuwa 249. Wato da ganin adadin, masani zai gane irin kabon ɗin da ke riƙe da haidirojin.

Sai dai kabon-13 bai wuce kashi 1.1 cikin ɗari na kabon ba. Saura kusan duk kabon-12 ne, wanda ba ya amsa kira. Saboda haka layukan da ake nema 'yan mitsi-mitsi ne a gefe da gefen babban layi, har wanda bai ƙware ba yakan ɗauke su datti. A kulorofom tazararsu kimanin haz 209 ce, aunawa ba wuya.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙawancen nesa, wanda ke tsallake ɗauri biyu ko uku. Yawanci bai kai haz 10 ba, yakan ɓace cikin kaurin layin. Amma Martin Karplus ya nuna a 1959 cewa ƙawancen ɗauri uku ya dogara ne ga kusurwar da ke tsakanin ɗaurukan, don haka da shi ake gano yadda ƙwayar magani ta karkace. Dabaru masu fuska biyu irin su HSQC, wadda Bodenhausen da Ruben suka fito da ita a 1980, sukan danne amsar haidirojin da ke kan kabon-12, kuma a kansu aka gina hanyoyin fito da waɗannan ƙananan tazarori fili.