Ruɓewar Kayan Lambu Cikin Motar Firji: Inda Ɓarnar Ke Farawa

Daga gonakin Kura da Kadawa a Jihar Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, daga Filato kuma karas da kabeji da dankalin Turawa ke gangarowa Abuja. An daɗe ana ɗaukar motar firji a matsayin maganin asarar hanya. Duk da haka, akan buɗe ta a tarar kaya sun yi taushi suna tsiyayar ruwa mai wari.

Babbar mai laifin ita ce ƙwayar bakteriya mai suna Pectobacterium carotovorum, wadda masanin Amurka L. R. Jones ya fara bayyanawa a jikin karas a 1901. Tana zaune a ƙasa da ruwan wanki, tana shiga ta rauni: yankan wuƙa, ƙujewar kwando ko matsin lodi. Idan ta shiga, sai ta narkar da sinadarin pektin da ke riƙe tsokar shuka, ruwan da ya zubo kuma ya kai cutar ga na kusa.

Sanyi yana rage mata hanzari ne kawai. Wata 'yar uwarta, Pseudomonas marginalis, tana ci gaba da ɓarna har a kusa da digiri sifili. Firjin mota kuma an ƙera shi ne don riƙe sanyin kayan da aka riga aka sanyaya. In an loda su da zafin gona, ko aka kashe injin a hanya, raɓa takan sauka a kansu, kuma laima ita ce abincin cutar.

Haɗa kaya ma matsala ce. Karas da kabeji suna son kusan digiri 0, amma ɗanyen tumatir yana lalacewa ƙasa da digiri 10, fatarsa ta raunana, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa.

Cibiyar NSPRI da ke Ilorin ta daɗe tana ba da shawarar sauya kwando da akwatin roba mai huda. Ga jami'an da ke tsara kwangilar motocin firji, wajibi ne kasafin ya haɗa da ɗakin sanyaya kaya kusa da gona, ruwan wanki mai kulorin, tantance masu rauni kafin lodi, da na'urar da ke rubuta yanayin sanyi tsawon tafiya. Kayan da ya ji rauni tun a gona, firji ba ya warkar da shi.