Idan Ciyaman Shi Ne Mai Saye, Shi Ne Mai Sayarwa

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomin Najeriya 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, hankalin jama'a ya tafi kan gwamnoni. An manta da tambayar da ta fi kusa da talaka: idan kuɗin suka iso sakatariya, wa zai samu kwangilar kwalbati da rijiyar burtsatse, wa kuma za a ba rumfunan sabuwar kasuwa? A nan ɓarna take farawa, kuma sau da yawa ba da sata take farawa ba. Tana farawa ne ranar da ciyaman ko kansila ya zauna a kwamitin da zai ba da aikin da kamfanin ƙaninsa yake nema.

Doka ba ta yi shiru ba. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wa ma'aikacin gwamnati ya sa kansa inda amfaninsa zai ci karo da aikin da aka damƙa masa, ya kuma ambaci shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da ma'aikatansu cikin waɗanda dokar ta hau kansu. Wanda yake aikin cikakken lokaci ba zai gudanar da kasuwancin kansa ba, in ban da noma. Wajibi ne ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata da zarar ya kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin da zai sauka. Wanda ya laɓe bayan sunan wani ma bai tsira ba, domin abin da wakilinsa ya yi, shi ya yi. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata tana iya tsige shi, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, ta ƙwace dukiyar da ya samu ta wannan hanya. Dokar hukumar yaƙi da cin hanci, ICPC, ta 2000 kuwa ta tanadi ɗaurin shekara biyar ga wanda ya yi amfani da kujerarsa ya fifita kansa ko danginsa.

Za a ce a ƙaramin gari kowa ɗan'uwan kowa ne, kuma mai yiwuwa ƙanin ciyaman shi ne maginin da ya fi kowa iya aiki. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a kori dangin shugaba daga neman halaliyarsu. Abin da ake nema shi ne shugaban ya faɗi alaƙar a fili, a rubuta cikin bayanin zama, ya tashi ya bar sauran su yanke shawara. In ƙanin ya cancanta, zai samu ba tare da yayansa yana kan tebur ba. In kuwa sai yayan yana zaune zai samu, to da ma bai cancanta ba. Akwai kuma abin da masu wannan hujja ba sa dubawa: ranar da kwalbatin ya rufta da damina, injiniyan ƙaramar hukuma ba zai iya rubuta rahoton gaskiya kan aikin gidan maigidansa ba. Saboda haka ko da an ba da aikin bisa gaskiya, an riga an kashe mai duba shi.

Wasu kuma su fake da zumunci. Kundin bai yaƙi zumunci ba. Ya yarda ma'aikaci ya karɓi kyautar dangi da abokai gwargwadon yadda al'ada ta saba, kamar gudummawar biki ko ta suna. Amma buhunan shinkafar da ɗan kwangila ya aiko ana saura mako a buɗe takardun neman aiki, kowa ya san ba don Allah aka aiko su ba.

Raunin tsarin yana wajen aiwatarwa. Takardun bayyana kadarori suna kulle a ofishin Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, mutanen gari ba sa ganinsu, alhali su ne suka san gonar wane da shagon wane. Da za a liƙa sunan kowane ɗan kwangila da kuɗin aikinsa a allon sakatariya, da mai shayin bakin tasha ma ya gane kamfanin da aka yi wa rajista da sunan matar kansila.